Zazzaɓin Q: tambayoyi da amsoshi ga masu kiwon awaki da tumaki a gida

A ƙauyukan Kano da Jigawa da wuya ka shiga gida ba ka tarar da turke a tsakar gida ko bayan ɗaki ba. Akuya ita ce asusun mace, ita ake sayarwa in rashin lafiya ya taso ko biki ya matso. Wannan kusanci ne ya sa ya kamata a san wata cuta da ba kasafai ake ambatonta a asibitocinmu ba, wadda ke fitowa daga dabba a lokacin haihuwa ko ɓari, ta bi ƙura ta shiga huhun mutum.

Mece ce wannan cuta, kuma me ke kawo ta?

Zazzaɓin Q ake kiranta, kuma wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Coxiella burnetii ke kawo ta. Likita Edward Derrick ne ya fara lura da cutar a 1935 a tsakanin ma'aikatan mayanka na birnin Brisbane a Ostareliya, ya wallafa bayaninta a 1937. Bayan haka Macfarlane Burnet a Ostareliya da Herald Cox a Amurka suka gano ƙwayar, aka haɗa sunayensu aka raɗa mata.

Abubuwa biyu suka sa ta fita daban. Na farko, a cikin ƙwayoyin halittar jiki take zama ta hayayyafa, inda magunguna da yawa ba sa isa. Na biyu, idan ta fito waje takan ƙanƙance ta yi tauri, ta jure zafin rana da bushewa, ta yi watanni a cikin ƙasa ko busasshen kashin dabba ko gashin tunkiya ba ta mutu ba. Kuma ba ta bukatar yawa: ƙwaya ƙasa da 10 in aka shaƙa sun isa su kwantar da babban mutum.

Akwai ta a ƙasarmu, ko cutar Turai ce?

Akwai ta. An same ta a kusan kowace ƙasa ta duniya in ban da New Zealand. Gwaje-gwajen jini da likitocin dabbobi suka yi a jihohin Arewa sun nuna shanu da tumaki da awaki da suka taɓa kamuwa da ita. Abin da ya sa ba a jin sunanta shi ne ba a nemanta. Zazzaɓi in ya zo, maleriya ce ko taifot, nan tunani yake tsayawa, mai cutar kuma sau da yawa yakan warke da kansa, a ce maganin da aka sha ne ya yi aiki.

Ta yaya take shiga jikin mutum?

Ta hanci, galibi. Idan dabbar da ke ɗauke da ƙwayar ta ɗauki ciki, ƙwayar kan taru a mahaifa ta yi ta ninkuwa, har giram 1 na mabiyiya ya ƙunshi kusan ƙwaya biliyan 1. Ranar haihuwa ko ɓari duk wannan yana zubowa ƙasa tare da ruwan haihuwa da jini. Ƙasar turken ta sha, ragowar harawa da kashin awaki su jiƙe, rana ta busar da su. Washegari da sassafe yarinya ta ɗauki tsintsiya ta share wurin a bushe, ƙura ta tashi ta cika tsakar gida, ta sauka a kan tabarma da kwanukan abinci da shanyar kaya, wanda ke karyawa a ƙofar ɗaki ya shaƙa bai sani ba. Wannan sharar ta bayan haihuwa ita ce babbar ƙofar cutar a gidajenmu.

Dabbar na ci gaba da fitar da ƙwayar a kashi da fitsari da nono da ruwan gaba na makonni, wani lokaci watanni. Shan ɗanyen nono hanya ce ita ma, amma ba ta kai ƙura ba. Kaska na ɗauke da ƙwayar tana yaɗa ta tsakanin dabbobi, cizonta ga mutum kuwa ba kasafai yake kawo cutar ba. Daga mutum zuwa mutum ma da wuya ƙwarai, don haka ba a gudun mai jinya, ba a ware masa kwano.

Ba na kiwo. Ni ma zan iya kamuwa?

Za ka iya, in maƙwabta na yi. Iska na ɗaukar ƙwayar ta yi tafiyar kilomitoci da ita. A ƙasar Holan, tsakanin 2007 da 2010, sama da mutum 4,000 aka tabbatar sun kamu, kuma yawancinsu ba makiyaya ba ne, mazauna garuruwan da ke kusa da manyan gonakin awakin madara ne. Sai da hukuma ta sa aka kashe awaki da tumaki masu ciki sama da 50,000 kafin abin ya lafa. A wajenmu garken bai kai girman nasu ba, amma muna da watannin rani masu tsawo da iskar hunturu, ga dabbobin a cikin gida tare da mutane.

Yaya zan gane dabbata na ɗauke da ita?

Da ido ba za ka gane ba. Akuya na iya ci da sha lafiya, ta haihu lafiya, 'ya'yan su miƙe su kama nono, alhali mabiyiyarta cike take da ƙwayar. Inda cutar kan nuna kanta shi ne ɓari a ƙarshen ciki. Cikin akuya da tunkiya kusan kwana 150 ne, ɓarin wannan cuta kuwa yakan zo a watan ƙarshe, ɗan ya fito da gashinsa da kamanninsa cikakku amma matacce, ko ya fito da rai ba ƙarfi, ya kasa tsayuwa, ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan awaki biyu ko uku suka yi haka a gida ɗaya ko unguwa ɗaya cikin 'yan makonni, wannan ya wuce a ce tsautsayi ne.

Saniya ba ta cika yin ɓari da ita ba, sai dai ta fi daɗewa tana fitar da ƙwayar a nono.

To duk ɓarin da akuya ta yi wannan cutar ce?

A'a. Yunwar ƙarshen rani na sa ɓari, duka ko tunkuyi na sawa, zazzaɓi mai zafi na kowace cuta na sawa. Akwai bakkale, wadda makiyaya suka fi sani, mai kumbura gwiwar saniya, ita ma tana kama mutum ta ɗanyen nono da taɓa ɓari. Akwai wata da ke fitowa daga kashin kyanwa. Ba mai iya rarrabe su a turke, sai ɗakin gwaji. Amma da yake da yawa daga cikinsu na kama mutum, kuma matakin kariyar iri ɗaya ne, kowane ɓari a ɗauke shi a matsayin mai haɗari.

Akuyata ta yi ɓari yanzu. Me zan yi?

Kafin komai, mai ciki ta bar wurin, yara su bar wurin, haka mai ciwon zuciya da tsoho. A kori kare da kaji, domin kare na jan mabiyiya ya kai ta bayan gari ko gidan maƙwabta, kuma shi ma yana kamuwa.

Mutum ɗaya ne zai yi aikin. Ya rufe hanci da baki: takunkumi samfurin N95 shi ne ya fi tace ƙura, in babu a sa na asibiti, in shi ma babu a naɗa rawani ko ƙyalle ninki biyu, da sanin cewa wannan rage haɗari kawai yake yi. Ya sa safar hannu ta roba, ko ya zura hannayensa cikin leda biyu-biyu marasa huji ya ɗaure a wuyan hannu. Ya ɗauki ɗan da mabiyiyar ya sa a leda, ya ɗaure, ya ƙara wata ledar a kai.

Sai ya yayyafa ruwa a wurin har ƙasar ta jiƙe, ya kankare saman da shebur ko fartanya, kamar zurfin yatsa, ya haɗa da jiƙaƙƙiyar harawa da kashin da ke wurin. Kada a sa tsintsiya a busasshiyar ƙasa. Duk abin da aka kwashe a binne shi a rami mai zurfin akalla mita 1, nesa da rijiya da hanyar ruwa, a danne da dutse ko ƙaya saboda karnuka. Ƙonawa ma ta yi, in akwai itacen da zai cinye shi ƙurmus. Wutar kara da ke babbake sama ta bar ciki ɗanye ba ta wadatar ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne jefa ɓarin a juji ko kududdufi, ko rataye mabiyiya a kan darni ta bushe.

In daɓen siminti ne, a fara wanke ƙazantar, sannan a zuba bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 9, a bar shi minti 30. Bilic ba ya aiki a kan kashi da jini, shi ya sa wankin ke zuwa farko. Shebur da takalmi ma a yi musu haka. Kayan jiki a cire su a waje ba tare da kakkaɓewa ba, a jiƙa su a ruwan zafi da sabulu, a wanke su daban, mutum ya yi wanka kafin ya shiga ɗaki ko ya ɗauki yaro.

Ita akuyar a ɗaure ta ita kaɗai, nesa da masu ciki da madafa, akalla mako 3 ko har ruwan da ke fita daga gabanta ya ɗauke. A sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma tun ranar, domin mabiyiya sabuwa ita ce samfurin da ya fi amfani, kuma shi ya san yadda ake sa ta a ƙanƙara a aika ɗakin gwaji irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom.

Haihuwar lafiya ma haka ya kamata a yi mata, ko da a taƙaice: a kwashe mabiyiya nan take, a binne, a jiƙa ƙasa kafin shara.

Wace alama ake gani a jikin mutum?

Kusan rabin waɗanda ƙwayar ta shiga ba sa jin komai. Sauran, bayan mako 2 zuwa 3, zazzaɓi kan rufe su farat ɗaya, zafin jiki ya kai digiri 39 ko 40, da rawar sanyi, da gumi mai jiƙa riga, da ciwon gaɓoɓi da kasala. Ciwon kan yana da tsanani ƙwarai, sau da yawa a bayan idanu. Wasu sukan yi busasshen tari da ciwon ƙirji saboda ta taɓa huhu, wasu hanta take taɓawa, su ji nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko da yake idanu ba su cika yin rawaya ba. In ba a sha magani ba, zazzaɓin kan ɗauki mako 1 zuwa 2, wani lokaci fiye. Mutuwa a wannan mataki ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba. Wasu kuma bayan sun tashi sukan yi watanni suna fama da gajiya, noma ya gagare su.

Ai wannan duk alamun maleriya ne. Yaya za a bambance?

Da alama kaɗai ba a bambancewa, kuma maleriya ta fi yawa nesa ba kusa ba, don haka gwajinta za a fara yi. Inda ya kamata a tsaya a yi tunani shi ne in gwajin bai nuna maleriya ba, ko an sha maganin kwana 3 cikakke zazzaɓin bai sauka ba. Gwajin Widal da ake dogara da shi wajen cewa taifot ce yana yawan nuna cuta inda babu ita, kada ya rufe ƙofar bincike.

Abin da zai taimaki malamin asibiti ya fi komai shi ne labarin gida, kuma ba lallai ya tambaya ba. Ka faɗa da bakinka: "Malam, mako uku da suka wuce akuyarmu ta yi ɓari, ni na kwashe." Ko ka ce kai mahauci ne, ko ka yi kwanaki kana ɗibar taki, ko mutum biyu a gidan sun kwanta lokaci guda bayan haihuwar tumaki. Wannan magana ɗaya na iya canza maganin da za a rubuta.

Akwai gwajin da ke tabbatarwa?

Akwai iri biyu, amma ba a ƙananan asibitoci ba. Gwajin PCR na gano ƙwayar a jini cikin mako 2 na farko, in ba a riga an fara shan magani ba. Ɗayan yana neman garkuwar da jiki ya haɗa, wadda ba ta bayyana sai bayan kwana 7 zuwa 15, shi ya sa jinin da aka ɗiba a makon farko kan fito kamar ba komai. Ana ɗibar na biyu bayan mako 3 zuwa 6 a kwatanta. Saboda wannan jinkiri, likitan da ya yi zargin cutar ba ya jiran sakamako kafin ya fara magani.

Mene ne maganinta?

Ga babba, doxycycline miligiram 100 safe da yamma na kwana 14. Ya fi aiki in an fara cikin kwana 3 na farko, kuma zazzaɓi kan sauka kafin kwana 3 da farawa. A nan ne mutane ke yin kuskure, su ji sauƙi su ajiye sauran. A cika kwana 14 ɗin.

A sha da ruwa cikakken kofi, a zaune ko a tsaye, kada a kwanta sai bayan minti 30, domin in ya maƙale yana ƙona maƙogwaro. A bar tazarar awa 2 tsakaninsa da fura da nono, da maganin olsa na ruwa, da ƙwayar ƙarin jini, saboda suna rage shigarsa jiki. Yana sa fata saurin ƙonewa a rana, mai zuwa gona ya rufe jiki. Yaro kuwa likita ne zai auna masa gwargwadon nauyinsa.

Amoxicillin da Ampiclox da allurar penicillin, waɗanda aka fi miƙawa a kemis, ba sa kashe wannan ƙwaya. Kuma wannan bayani ba izini ba ne na sayen doxycycline duk lokacin da jiki ya yi zafi. A je a duba.

Mai ciki fa?

Ita ce aka fi ji wa tsoro, kuma ita ce sau da yawa ke kula da awakin gida. Ƙwayar na son mahaifar mace kamar yadda take son ta akuya. Tana iya jawo ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko jariri maras nauyi, ko da uwar ba ta ji wani zazzaɓin kirki ba, haɗarin kuma ya fi yawa a watanni 3 na farko. Ba a ba mai ciki doxycycline. Co-trimoxazole ake ba ta, wanda aka sani da Septrin, na tsawon lokaci, tare da folic acid, a dakatar kafin makonnin ƙarshe, duk a ƙarƙashin kulawar likita.

Maigida, in matarka na da ciki, karɓar haihuwar akuya da sharar turke da wankin kayan wanda ya yi aikin duk su koma hannun wani har ta sauka. In kuma an yi ɓari a turken gidan, ta faɗa a wajen awo.

An ce tana iya komawa zuciya. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, ga ƙasa da kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka kamu. Ƙwayar kan laɓe a jiki watanni ko shekaru, sannan ta kama ƙofofin zuciya, musamman waɗanda dama suna da lahani. Wannan ya shafe mu sosai, domin ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya yana da yawa a Arewa, kuma da yawa masu shi ba su san suna da shi ba. Alamun su ne zazzaɓi ƙasa-ƙasa mai tafiya yana dawowa, gumin dare, rama, haki da kumburin ƙafa. In ba a yi magani ba yana kisa. Maganinsa doxycycline ne haɗe da hydroxychloroquine na akalla wata 18, da hoton zuciya da gwajin jini a kai a kai, aikin babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda aka taɓa gaya masa yana da matsalar ƙofar zuciya, ko mai cutar da ke raunana garkuwar jiki, ya nisanci turke lokacin haihuwa.

Nono da kindirmo fa, a daina sha?

A'a, a tafasa madarar dai. In ta tafaso ta taso, ƙwayar ta mutu. Kamfanonin madara na dumama ta a digiri 63 na minti 30 ko digiri 72 na daƙiƙa 15, kuma saboda wannan ƙwayar ce aka ɗaga ma'aunin zuwa 63 a shekarun 1950, don ta fi sauran jure zafi. Tsami ba abin dogaro ba ne, saboda haka tafasawar ta zo kafin a zuba tsohon nono a bar shi ya kwana. Tafasawar nan ita ce kuma ke kare gida daga bakkale da tarin fuka na shanu.

Naman ya halatta a ci ta fuskar lafiya? Ragon layya fa?

Naman da ya dahu ba shi da matsala, rago da bunsuru kuma haɗarinsu kaɗan ne. Haɗarin na wajen fiɗa, in aka yanka mace aka tarar da ciki. Mahauci kada ya farka mahaifar, ya cire ta a rufe ya sa a leda a binne, ya wanke wuƙa da hannu da sabulu. Masu harkar fata su guji kakkaɓe busassun fatu a cikin rufaffen shago.

Takin turke shi ne abincin gonarmu. Ya za mu yi da shi?

Ba za a bar taki ba, sai dai a gyara yadda ake sarrafa shi. Yadda aka saba, ana haƙe turke a bazara, lokacin da ya bushe ƙurmus, a loda a mangala ko amalanke, a ratsa gari da shi, a zube tsibi-tsibi a gona iska na kwasa. In an yi ɓari a turken a wannan shekara, a jiƙa takin kafin a haƙa, a tara shi wuri ɗaya nesa da ɗakuna, a rufe da tamfol ko buhuna da ƙasa, a bar shi ya ruɓe kwana 90. Zafin da tsibin ke yi a ciki na rage ƙwayar sosai, amma sai da danshi, busasshen tsibi ba ya ɗaukar zafi. A kai shi gona a rufe, ranar da ba iska, a juya shi cikin ƙasa da wuri.

Zan iya yi wa dabbar allura ta rabu da ita, ko in sayar da ita?

Allurar oxytetracycline da ake yi wa dabbobi ba ta hana su fitar da ƙwayar, kuma ba a tabbatar tana tsayar da ɓarin ba. Tana da amfani in mabiyiya ta maƙale ko mahaifa ta ruɓe, malamin dabbobi ne zai yanke wannan hukunci, ya kuma faɗi kwanakin da za a jira kafin a sha nonon ko a ci naman. Yawancin awakin da suka yi ɓari da wannan cuta sukan haihu lafiya a ciki na gaba, sai dai suna iya sake fitar da ƙwayar, don haka a ware musu wurin haihuwa.

Kai ta kasuwa da ɗanyen ɓari zalunci ne ga mai saye, cutar kawai aka sauya wa gida. Mai saye kuma, ko daga Wudil ko Maigatari ko kasuwar ƙauye, ya tambayi tarihin haihuwarta, ya duba ƙarƙashin wutsiya ko akwai ruwa ko busasshen jini, ya ɗaure ta daban na wata 1. In da ciki ta zo, ta haihu a ware kafin ta shiga cikin sauran.

Akwai rigakafi?

Na mutane akwai guda ɗaya, Q-Vax, a Ostareliya ake amfani da shi ga mahauta da makiyaya, kuma sai an gwada fata da jini kafin a yi, domin yana kumbura wanda ya taɓa kamuwa. Na dabbobi akwai Coxevac a Turai, yana rage ɓari da yawan ƙwayar da ake fitarwa, ya fi aiki ga 'yan awakin da ba su taɓa ɗaukar ciki ba. Ba ya cikin rigakafin da aka saba yi wa dabbobi a ƙauyukanmu. Duk wanda ya zo da kwalba ya ce rigakafin ɓari ce, a nemi ganin sunan da ke jiki, a tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma kafin a biya kuɗi.